Ƙananan Kwanukan Gwaggo Dezhen

A ƙauyenmu na Ranjiagou kusan kowane gida yana da alade ɗaya ko biyu a bayan ɗaki, amma idan aka ce "mai aladu" babu mai tambayar wa ake nufi. Gwaggona ce, Ran Dezhen, ƙanwar mahaifina. Ita ce ta uku a ɗakinsu, shi ya sa muke ce mata Gwaggo ta Uku, Baba kuma yana ce mata Ta Uku kawai, in ya ga damar kiranta ke nan. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, kullum cikin sauri take kamar ta bar wani abu a kan wuta. Mijinta ya rasu a ramin haƙar kwal tun ba su cika shekara biyu da aure ba, ba ta sake wani auren ba. Ta tattara 'yan kayanta ta tafi birni, ta samu aiki a wata tashar binciken dabbobi. Aikin kuwa shi ne ba aladu abinci da wanke musu ɗaki, kuma shekara ashirin da shida ta yi tana yin sa.

Babana, Ran Dehou, shi ne mai dafa abincin biki a duk kwarinmu. Aure ne, haihuwa ce, mutuwa ce, shi ake kira ya kafa murhu a tsakar gida, ya jera madambatai na gora har su fi shi tsayi, ya fitar da kwano tara a kan kowane tebur. A wajensa babu abin kunya irin baƙi su ga gindin kwano kafin su tashi. Mutum ne mai jiki da murya, kuma ƙanwar nan tasa tana ba shi kunya. Duk bikin da ta zo, kujerar bakin ƙofar madafa yake nuna mata.

"Ta Uku, zauna can inda iska take," in ji shi. "Ke da kika yi karatu mai zurfi a wajen aladu, kada ƙamshin ilimin ya hana baƙi cin abinci."

"Yaya, ai ɗalibaina sun fi baƙinka tsabtar ci," sai ta ce, ta ja kujerarta ta zauna.

Ni ma ina ƙarama na sha toshe hanci in ta wuce, don in ba Baba dariya. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka ni ta kirki ce a labarin nan.

Wata sabuwar shekara, ina 'yar shekara goma sha biyar, aka haɗa ni da ita ɓare tafarnuwar biki, buhu guda. Don kada shiru ya kashe mu na tambaye ta me ake bincika a jikin alade ban da kitse. Sai ta ajiye wuƙa ta yi min bayani da hannu bibbiyu. Ta ce akwai wata babbar jijiya da ke kwasar jini daga hanji ta kai hanta. Malaman tashar sukan yi wa alade aiki su saka siririn bututun roba a cikinta, bakin bututun ya leƙo ta bayansa, a rufe da 'yar riga, alade ya warke ya ci gaba da harkarsa. Ita kuma a ba ta sikeli da agogo. Wasu aladun ta juye musu abincin yini a tashi ɗaya, wasu ta raba musu shi gida shida, abinci iri ɗaya, nauyi ɗaya. Daga nan malamai su riƙa jan jini duk bayan rabin awa, ita tana sosa wa aladen kunne don ya tsaya.

"To me ake gani a jinin?" na ce.

"Sukari. Duk masarar da ya ci sukari take komawa." Ta zana da yatsa a kan ɓawon tafarnuwa. "Wata Malama Pei ce ta nuna min takardar, don ta ga ina leƙe. Mai ci a tashi ɗaya, layinsa ya haura kamar tsaunin bayan garin nan, ya gangaro da gudu. Mai ci kaɗan-kaɗan kuwa 'yan tuddai ne kawai. Kin san hanji ma ma'aikaci ne, yana cire nasa rabon kafin ya miƙa wa hanta. In kin turo masa kaɗan, zai ci nasa ya miƙa sauran a hankali. In kin juye masa buhu, sai ya buɗe ƙofa komai ya wuce."

Na ce mata to, na ci gaba da ɓare tafarnuwa. Kafin yamma na manta.

Da ta yi ritaya tashar ta bar mata tsohon sikelin da agogon mai ƙararrawa, ta dawo ƙauye ta kama gidan kakanmu na gangare. Ta sayi 'yan aladu biyu, ta riƙa ba su abinci sau shida a yini da ƙarar agogo. Gari ya samu abin dariya. Kowa a nan sau biyu yake cika kwami da dafaffen ganyen dankali da dusa, ya tafi gona. In agogon Gwaggo ya kaɗa, sai ka ji mata a bakin rijiya suna cewa manyan baƙi za su sha shayi. Gaskiya kuma aladunta ba su fi na kowa ƙiba ba. Sai dai ba sa zawo, ba sa tayar wa unguwa hankali da ihu, kuma ba ta taɓa kiran likitan dabbobi ba.

Shekara huɗu da dawowarta aka gano ciwon daji a tumbin Baba. Ni ce na kai shi asibiti a birnin Chengdu, don a lokacin ina koyarwa a makarantar garin kasuwa. Aka yanke kashi biyu cikin uku na tumbin, aikin ya yi kyau. Ranar sallama likita ya zaunar da mu, ni da Mama, ya ce ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a rage masa zaƙi, kuma bayan wata uku a dawo a fara masa maganin da zai kashe ragowar ciwon. Ya ba mu takarda. Muka gyaɗa kai, muka yi godiya.

Abin da likita bai sani ba shi ne, "kaɗan" a hannun matar mai dafa abincin biki kwano ne cike da tozo, an dai hana shi ƙari. Kuma a wajenmu wanda ya yi asarar jini mazarƙwaila ake ba shi. Mama ta riƙa dama masa kunun shinkafa da mazarƙwaila har ya yi ja, safe, rana da yamma. Ga 'yan dubiya. Duk gidan da Baba ya taɓa dafa wa biki sai da suka zo, wannan da curin shinkafa mai zaƙi, wancan da madarar gwangwani, kuma babu mai tafiya sai ya ga an ci a gabansa. Baba ba zai iya mayar da kwanon baƙo ba, ko da zai kashe shi.

Ya kuwa kusa kashe shi. Da ya gama ci, kafin a kwashe kwanuka gumi ya jiƙa masa riga, zuciyarsa ta hau dukan ƙirji, ido ya juya, a riƙe shi a kai shi bayan gida. In an yi awa biyu kuma hannunsa ya kama rawa, sai Mama ta ce yunwa ce, ta ƙara masa ruwan mazarƙwaila. Sau biyu yana faɗuwa a tsakar gida. Daga nan ya fara tsoron abinci, in ya ji ƙarar cokali a tukunya sai ya juya fuska bango. Mutumin da ya shiga asibiti da kilo saba'in da huɗu ya koma arba'in da tara. Na buga wa likita waya, ya ce a dawo da shi nan da mako shida, amma in ramar ta ci gaba jikinsa ba zai ɗauki maganin ba, kuma in babu maganin ciwon zai dawo. Mama ta ce ai ya riga ya dawo, ta aika wa kafinta ya zo ya duba katakon akwatin gawa da muka ajiye a rufin ɗaki.

A duk wannan lokacin Gwaggo takan zo ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaishe shi ta tafi, babu mai ce mata zauna. Ranar da ta ga kafinta yana sauko da katako, sai ta koma gida ta dawo da agogonta a hannu ɗaya, sikeli a ɗayan. Lokacin abincin rana ne. Ta ja kujera ta zauna gaban Baba, ta ajiye agogo a tebur, ta kalle shi yana tura kunu da ƙyar don Mama na tsaye a kansa. Minti goma sha takwas, gumi ya keto.

"Na taɓa ganin wannan," in ji ta.

"A ina?" Mama ta tambaya da sauri.

"A takardar Lamba Sha Huɗu. Wata mai haɗama ce, takan share abincin yini a minti goma ta kwanta tana haki."

Baba ya ɗago kai, fuska duk gumi. "Da alade kike haɗa ni a cikin gidana?"

"A'a, Yaya, ita ta fi ka sa'a. Tumbinta cikakke ne, yana riƙe abinci ya riƙa saki kaɗan-kaɗan. Kai an cire maka mai gadin ƙofa. Duk abin da ka haɗiye hanji yake faɗawa kai tsaye, sukarin ya hau maka jini a lokaci ɗaya, in ya tashi sauka kuma ya sauka da kai." Ta juyo gare ni. "Ke malama, ina takardar asibiti? Karanta min."

Na ciro ta daga bayan madubi na karanta. Kaɗan-kaɗan, sau shida ko fiye. A guji zaƙi. Kada a sha ruwa tare da abinci. A kishingiɗa bayan ci. Ina karantawa kunya na kama ni, don ni mai ilimin gidan ni ce na ninke takardar nan na soke ta a can.

"To kun ji," ta ce. "Ni ba likita ba ce. Likita ya faɗa, aunawa ce babu wanda ya yi. Awo kuwa shi ne aikina."

Ta shiga madafa ta turara ƙwai ɗaya, ta yanka awara, ta auna shinkafa mai laushi a sikeli. Da ta zuba a kwanon Baba, abincin ko gindin kwanon bai rufe ba. Mama ta leƙa ta ce ko maroƙi ba a miƙa wa wannan, ta kai hannu za ta ƙara. Baba kuma ya ture shi, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin rabin kwano ba. Gwaggo ta buɗe kabad ɗin kwanuka tana dubawa. Gidan mai dafa abincin biki ne, kwano ya fi ɗari biyu, babu ƙarami ko ɗaya.

Sai ta fita zuwa babban ɗaki, inda teburin kakanni yake. A gaban hotunan kakannina biyu, iyayen su Baba, akwai 'yan kwanuka farare guda uku, kowanne bai fi tafin hannu ba, waɗanda ake zuba wa matattu shinkafa a ciki ranar ɗaya da ranar sha biyar ga wata. Mai rai ba ya ci a cikinsu. Ta ɗauko biyu.

Mama ta ɗora hannu a ka. "Dezhen! Kin haukace? Fatan mutuwa kike masa? Mayar da su kafin wani ya gani!"

Gwaggo ba ta kula ta ba. Ta kunna turaren tsinke uku, ta rusuna, ta yi wa hotunan magana da muryar da take sayen dusa a kasuwa. "Baba, Mama, aron kwano na zo. Ku yi maneji da ɗaya. In ɗan naku ya taho ya same ku yanzu, wa zai riƙa cika muku su? Ni kun san girkina."

Ta wanke su, ta juye shinkafar a ɗaya, ƙwai da awara a ɗayan. Abincin da ya ɓace a babban kwano sai ga shi ya cika waɗannan har da tozo. Ta ajiye a gaban Baba.

"Ban mutu ba tukuna, Ta Uku," ya ce. "Kwanon matattu kika kawo min?"

"Na kawo maka shi ne tun kana iya ɗaga shi da hannunka. Duba da kyau, Yaya. Cike yake ko ba cike yake ba?"

Ya daɗe yana kallon kwanon. Mama na kuka a bakin ƙofa, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Can ya ɗauki tsinken cin abinci ya fara ci. Ta hana shi shan ruwa, ta sa ya kishingiɗa, ta zauna da agogo a cinya. Minti ashirin ya wuce, rabin awa ya wuce, awa ta cika, rigarsa a bushe.

Tun daga ranar Gwaggo ta raba kanta tsakanin gida biyu. Agogo ya kaɗa ta ba aladunta, ta wanke hannu, ta hauro tudu ta ba yayanta, sau shida kullum, ko ana ruwa. Ta kuma zama mai gadin ƙofarmu. Duk wanda ya zo da kayan zaƙi sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ce mara lafiya ya yi barci. An zage ta sosai a wannan watan. Matar mai gari ta ce mata a fuska ta mayar da babban mutum dabbar gwaji, Gwaggo ta ce ai dabbobin gwajinta babu wanda ya mutu da yunwa. Kayan zaƙin kuwa ni aka riƙa turo wa, na ƙara kilo huɗu ban yi ciwon komai ba.

Duk ranar kasuwa sai ta aro sikelin da ake auna aladu, mu ɗora Baba a kai. Makon farko ya sake rage rabin kilo. Mama ta ɗauko agogon da Gwaggo ta hauro da shi ta ajiye a waje, ta ce mai shi ta bi shi, an gwada an gani. Na ɗauka zancen ya ƙare ke nan. Sai muka ji muryar Baba daga ɗaki.

"Kwana shida ban faɗi ba. Bar ta."

Mako na biyu sikeli bai motsa ba. Na uku ya ƙara rabin kilo, Gwaggo ta sauke shi ta sake ɗora shi don ba ta yarda da sikelin aro ba. Daga nan ta fara saka masa kifi da naman kaza, tana ƙara 'yan giram duk bayan kwana uku. Ranar da muka koma Chengdu kilonsa hamsin da biyu. Likita ya duba ya ce za a fara magani. A cikin jakata akwai 'yan kwanukan nan biyu naɗe a tawul, don Baba ya ce ba ya tafiya sai da su. Kakanni kuma Mama ta saya musu sababbi, ta mayar da katako rufin ɗaki da kanta.

Baba bai taɓa buɗe baki ya ce mata ya gode ba, ita ma da ya faɗa da ta rasa inda za ta ajiye maganar. Abin da ya yi shi ne, da aka yanka aladen sabuwar shekara aka tara dangi, ya kama hannun rigarta ya kai ta kujerar da ke fuskantar ƙofa, wadda ake ba babban baƙo. Ta zauna a ɗofane, ta ce daga nan ba a jin kukan aladunta, ko shayi ba ta gama sha ba ta gudu.

Shekara tara ta ƙara a duniya, tana kiwon aladu biyu-biyu, tana faɗa da Baba a kan gishiri. Wata ranar kaka da rana tsaka maƙwabta suka ji agogo yana ta kaɗawa ba a kashe shi ba, aladu kuma suna ihu, abin da ba a taɓa ji a gidan ba. Aka shiga aka same ta zaune a bakin kwami, ta jingina da bango, bokitin dusa a gefenta. Baba ne ya dafa abincin mutuwarta, shi da ya yi shekaru bai kafa murhu ba, kwano tara a kowane tebur.

Ni dai na san abin da ta ba ni. Babana ya ga aurena, ya goya 'yata a kafaɗa zuwa kasuwa, yanzu yana da shekara saba'in da tara yana zagin kowa a kan yankan albasa. Duk wannan daga hannun matar da na toshe wa hanci ne, kuma ban taɓa neman gafararta ba, ina ta cewa sai na zo hutu. Na gode mata, ina kuma jin ciwon cewa a takarda nake faɗa.

Hotonta yana kan teburin kakanni yanzu, agogon kuma yana ɗakin Baba. Da na je gida a hutun da ya wuce, agogo ya kaɗa na ƙarfe goma na safe, sai na ga Baba ya ɗauko tsofaffin 'yan kwanukan nan biyu, ya cika su da tozo, ya ajiye ɗaya a gaban hotonta, ya zauna da ɗayan. Da rana ya sake, da la'asar ya sake.

"Kullum haka yake yi," Mama ta ce min, yadda zai ji. "Na gaya masa ranar ɗaya da ranar sha biyar ake zuba wa matattu, a cika musu tebur su ci su ƙoshi. Wa ya taɓa ganin mamaci mai ci sau shida a yini?"

Baba ya gyara wa kwanon zama a gaban hoton, ya jera mata tsinke a gefe.

"A juye mata na rabin wata a tashi ɗaya?" ya ce. "Ai ba za ta ci ba. Ki bar ta ta ci yadda ta koya min."